Zarto Mai Inci Goma

Shekara tara ina yanka dutse da faifai mai inci huɗu,
bai fi murfin gwangwanin madara ba.
Bayan ɗakina a Kakuri, gindin gwaiba,
nan nake wuni tun da masaƙa ta rufe ƙofa
ta bar mu da hannuwa masu ƙaiƙayin aiki.
Wasu suka kama dara, wasu kiwon tantabaru,
ni tsakuwa ce ta kama ni.

Sai ga Jatau daga Kagoro wata Asabar,
ya zazzage mini dutse daga buhun citta,
kamar kan ɗan akuya, baƙi, mummuna,
amma in ka ƙwanƙwasa shi, sai ya amsa kamar tulu.
Na kai masa ɗan zartona.
Ya yi kuka, ya yi hayaƙi,
ya karce shi karcen farcen jinjiri, ya tsaya.
Wata bakwai dutsen nan yana tokare ƙofa,
Delu na tuntuɓe da shi tana cewa:
"Malam, ba ni shi mana in riƙa fasa goruba."

Na shiga gari na tambayi kuɗin sabo.
Yaron kanti ya faɗa, na nemi benci na zauna.
Fanshon shekara biyu ke nan,
in ma an biya.

Na shiga adashen masu gadi, na karɓi kwasar ƙarshe.
Na sayar da keken da ya kai ni aiki shekara ashirin,
mai saye ya ce sirdin ya mutu, na ce haka ne.
Na ƙulle kuɗin a hula, na nufi Panteka.

A can, tsakanin tsatsa da tartsatsi,
Barau mai walda ya saurare ni yana tauna asuwaki.
"Baba, dutsen na sayarwa ne?"
A'a.
"To na magani?"
A'a, so nake in ga cikinsa.
Ya dube ni, ya dubi yaransa,
sannan ya jawo injin markaɗen da ya gaji da tattasai,
ƙafafun tsohon keken ɗinki,
rabin jarka don ruwa,
da bel ɗin da ya ce na wata mota ne da ta rasu a hanyar Zariya.
Faifan kawai na saya da kuɗi mai ciwo,
na hannu ne, wurin masu shimfiɗa tayil,
haƙori ɗaya ya ɗan karye, kamar nawa.
Mun yi ciniki har aka kira la'asar.
Ya ce albarka sau uku, a na huɗu ya sallama.

Na kawo shi gida a Keke Napep, rungume kamar rago.
Kwana huɗu babu wuta.
Ina shafa masa mai, yana kallona.

Daren na biyar, ƙarfe biyu, ƙwan tsakar gida ya kama.
Na fito ba takalmi.
Karen maƙwabta ya ɗauka, wani ya yi tsaki ta katanga,
ruwa na tsartuwa a gemuna, fari kamar koko,
ina tura dutsen a hankali, yadda ake lallashin mai fushi.
Minti arba'in. Sannan ya buɗe baki.

Ba lu'ulu'u ba ne.
Zobba ne, ja cikin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa cikin fari,
kamar kogin Kaduna a watan Agusta in ka leƙa daga gada,
a tsakiya ɗan rami, ɓarin goro ba zai shiga ba,
cike da ƙananan haƙora masu ƙyalli
da ba su taɓa ganin fitila ba sai tawa.

Delu ta fito da zani a kafaɗa.
Ta ɗauki ɓari guda, ta juya shi, ta daɗe.
"Nawa ka ce keken ya yi?"
Na faɗa.
Ba ta ce komai ba.
Da safe na gan shi a kabad ɗinta,
ta matsar da tangaran biyu don ya sami wuri.